Duron ya faɗi a Tabalak: sakan 40 na ƙarshe sun isa a yanke hukunci?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina biɗar taimakonku. Shekaran jiya da hantsi duron ɗinmu ya faɗi kusa da tafkin Tabalak, inda muke ɗaukar hoton garaken albasa don ƙungiyar manoma. Mai farfela 4 ne, mu munka haɗa shi da kanmu, ƙwaƙwalwarshi Pixhawk ce mai manhajar ArduPilot, batir 4S, wato mai ɗaki 4, mai ɗaukar 5200 mAh. Ya yi minti 12 a sama, ya kusa gama hanyar da anka tsara mishi, sai na ga ya karkata, ya juya, ya sauko kamar an jawo shi da igiya. Hannu guda ya karye, kyamara Allah ya tsare. Da na komo Tawa na ciro katin, na buɗe fishiyen .bin, inda jirgin ke rubuta bayanan tafiyarshi, cikin manhajar Mission Planner, na yanko sakan 40 na ƙarshe na fidda su CSV, wato teburin lambobi. Ga shi na tura, ga kuma hoton zanen. Ku dubi wutar batir: daga volt 13.8 ta gangaro 13.2, sannan faɗuwa. Ni dai batir na gani. Wata 5 ke nan da na saye shi, kuma ina son in maida shi ga wanda ya saida min. Ku tabbatar min kafin in tafi.

Mai Gyara Wadata: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ƙanena. Ban ma buɗe ba na san labarin. Zafin Afrilu ba ya barin batirin LiPo, balle in ana ajiye shi cikin mota da rana. 13.2 a kan 4S, ai 3.3 ke nan kowane ɗaki. Ya gaji. A teburina akwai guda 3 da suka kumbura cikin watan nan.

Injiniya ta Yantala: Sannu da jaje, Ɗan Adar. Na buɗe abin da ka turo. Kafin mu je ga batir, tambaya biyu. Bayan ya faɗi, da batirin ya huce, ka auna shi? Nawa ya ba ka? Ta biyu, me ya sa sakan 40? Me ya faru a sakan na 41 in an ƙirgo daga baya, da ka ga ba ya da amfani?

Ɗan Adar: Anti, na auna shi da maraice, 15.0 ya nuna. Sakan 40 kuwa, daga nan ne na ga zanen ya fara gangara. Kuma fishiyen duka mega 38 ne, rezo a nan kin san halinshi, forfe kuma ya kusa ƙarewa.

Injiniya ta Yantala: To ka ga inda matsalar take. Ka fara duba zanen batir, ka ga inda ya gangara, ka yanka daga nan, ka turo mana layin batir shi kaɗai da tsawo. Duk wanda ya buɗe wannan yanki batir zai gani, don ba ka bar masa wani abin gani ba. Ba ina cewa batirin lafiyarsa lau ba. Ina cewa yankan da ka yi ya riga ya ba da amsa tun ba a yi tambaya ba.

Sannan ka lura da hoton da ka ɗauka. Manhajar tana daidaita gefen zane da abin da ke cikin yankin da ka zaɓa. Ƙasan zanenka 13.1 ne, samansa 13.9. Shi ya sa gangarar volt 0.6 ta cika allo kamar an faɗo daga dutse. Ka sa ƙasa ya zama 12, sama 17, ka sake kallo, za ka ga ɗan lanƙwasa ne. Batirin da ya koma 15.0 bayan ya huta bai ƙare ba. Wani abu ne ya ja wuta da yawa a lokacin, kuma layin Curr, wato ampiyar da ake ja, ba ya cikin abin da ka turo.

Mai Gyara Wadata: Hajiya, da girmanki, batir mai lafiya ko an ja shi ba ya durƙusawa haka. Komawa 15.0 ba shaida ba ce. Gajiyayyen batir in ya huta yana nuna wuta kamar sabo, ka ɗora masa kaya ya zube.

Injiniya ta Yantala: Gaskiyarka Malam, shi ya sa nake son in ga kayan da aka ɗora masa. Ba tare da ampiya ba, ni da kai duk zato muke.

Ɗalibi Harobanda: Yaya Ɗan Adar, in nauyi ne matsala, akwai manhajar da ke raba fishiye gida-gida. Ka raba .bin ɗin gida 4, ka turo kashi na ƙarshe kawai, mega 9 da ɗan kai. Sai mu buɗe mu ga dukkan layukan.

Injiniya ta Yantala: A'a ƙanena, kada ya yi haka. Fishiyen .bin na ArduPilot ba kamar buhun gero ba ne da kowane mudu ka ɗiba gero ne. A farkonsa akwai saƙonnin FMT, su ne ke faɗa wa manhaja cewa saƙo mai lamba kaza sunansa BAT, tsawonsa kaza, a ciki akwai Volt da Curr da sauransu. In ka yanke kan, abin da ya rage tarin lambobi ne da manhajar ba ta san yadda za ta karanta ba. A farkon ne kuma ake rubuta PARM, wato dukkan saitin da jirgin ya tashi da shi. Ina son in ga a wane volt aka ce ya dawo gida, ina son in ga iyakar da aka sa wa injina. Duk suna can farko.

Akwai kuma abubuwan da ba a rubuta su sai sun sauya. MODE misali, wato yanayin tuƙi: in ka shiga Auto a minti na 1, an rubuta sau ɗaya ke nan, ba za a sake ba sai ka fita. Wanda ya samu minti na 12 kaɗai ba zai san ko jirgin da kansa yake tafiya ko kai ke riƙe da shi ba. Haka saƙonnin MSG da ERR, na sanarwa da na kuskure.

Raba fishiye don aikawa ba laifi ba ne, in za a turo dukkan kason a haɗe su a nan. Amma mafi sauƙi ya matse shi ya zama zip, yana raguwa sosai, ya turo da forfen dare.

Malam Taswira: Ni ina da ja a kan a turo duka cikin wannan zaure. Mu fi mutum ɗari a nan, ba kowa muka sani ido da ido ba. Cikin fishiyen akwai Lat da Lng, lambobin da ke nuna wuri, na kowane taku, inda ya tashi, inda ya tsaya, garkar wane da wane. A halin da ƙasa ke ciki, wurin da duron ya bi ba abin watsawa ba ne, ko da mutum yana da izininsa a hannu. Manoman nan ma ba a tambaye su ba. Don haka yanka yana da gurbi. Ni a aikina ba na fitar da cikakken fishiye daga ofis.

Ɗan Adar: Wallahi Malam wanga ma shina cikin raina, shi ya sa ban sa layin GPS ba.

Injiniya ta Yantala: Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Amma ka lura yanka iri biyu ne. Akwai yankan lokaci, akwai yankan layuka. Abin da kake tsoro yana cikin layukan GPS da POS da CMD da makamantansu. A cire su, a bar lokaci cikakke daga kunnawa zuwa faɗuwa. Da ƴar manhajar mavlogdump.py ta pymavlink ana zaɓar irin saƙon da ake so a fitar. Ɗan Adar ya fitar da BAT na batir, RCOU na injina, ATT na karkata, VIBE na jijjiga, kowanne CSV ɗinsa, daga farko har ƙarshe. Ko kuma ya turo .bin ɗin ga mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su, ba cikin zaure ba.

Baban Nana: Salamu alaikum ƴaƴana. Na jima ina karantawa ban sa baki ba, don ni duron ban taɓa tuƙa shi ba. Amma a EAMAC, makarantar yanayi da sufurin jiragen sama, na yi karatu nan Yamai, kuma na yi shekaru ina zazzage bayanan manyan jirage kafin in yi ritaya. Sakan 40 ɗin nan ne ya taɓa ni, bari in faɗa muku dalili.

A jiragen fasinja da yawa, bayanan da ke zuwa baƙin akwati suna bin tsarin da ake kira ARINC 717. Ana jera su ne cikin firam, kowane firam sakan 4, an raba shi gida 4, kowane gida sakan 1. A cikin sakan ɗayan nan akwai kalmomi 64, ko 128, ko 256, ko 512, har 1024 a sababbin jirage, kowace kalma bit 12. Kalmar farko ta kowane gida alama ce ta musamman, da ita manhaja ke gane inda take. In ka yanka a tsakiyar firam, sai manhaja ta yi ta lalube har ta sami alamar gaba, abin da ke kafin nan ya tafi.

Kuma ba kowane ma'auni ake rubutawa da sauri ɗaya ba. Girgizar sama da ƙasa, wadda da ita muke gane saukar da ta yi ƙarfi, sau 8 ake ɗaukarta a sakan. Wasu sau 1 a sakan. Wasu sau 1 a sakan 4. Sannan akwai babban firam, wanda ya haɗa firam 16, wato sakan 64. Abubuwan da ba sa saurin sauyawa, irin kwanan wata da lambar tafiya da nauyin jirgi, a can ake sa su, sau ɗaya a sakan 64. To ka yanko sakan 40, kana iya fitowa ba ka da nauyin jirgin ko ɗaya. Saurin da ya dace jirgi ya sauka da shi kuwa ya danganta da nauyinsa. Ka ga mutum zai zauna ya ce matuƙi ya sauko da gudu fiye da kima, alhali bai san kayan da ke cikin jirgin ba.

Mu a wurinmu doka ce: in manhaja ta ɗaga tuta a kan wata sauka, ba ka kallon sakan ɗin tutar kaɗai. Kana komawa tun daga inda jirgi ya fara gangarowa. Tun 2005 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, ta wajabta wa kamfanoni masu jiragen da suka wuce tan 27 su riƙa nazarin bayanan tafiye-tafiyensu, kuma sharaɗin shi ne ba don a hukunta mutum ake yi ba. Dalili ke nan. Bayani guntu yana saurin kama mai laifi.

Ɗalibi Harobanda: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma a binciken hatsari ai mintin ƙarshe ake nunawa a rahoto.

Baban Nana: Ana nuna shi, ɗana, bayan an karanta duka. Akwatin yana riƙe da awa 25 na ƙarshe, masu bincike har tafiye-tafiyen baya suke dubawa don su san yadda jirgin yake in yana lafiya.

Ku tuna jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljas daren 24 ga Yulin 2014, MD-83, ya faɗi kusa da Gossi a Mali, mutum 116 babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu. Na'urar muryar matuƙa ba ta ba da abin da za a yi aiki da shi ba, don haka nauyin ya koma kan akwatin bayanai, wanda aka karanta a BEA, hukumar binciken hatsarin jirage ta Faransa. Wanda ya kalli ƙarshen kaɗai zai ga jirgi ya karkata hagu, hancinsa ya yi ƙasa, ya nutso. Da wannan kana iya cewa hadari ne ya kife shi, don akwai hadari a yankin daren nan. Amma da aka koma baya, jim kaɗan bayan jirgin ya kai ƙafa 31,000, sai aka ga ma'aunin ƙarfin injina ya fara ba da lambar da ba daidai ba, saboda ƙanƙara ta toshe bututun awon, kuma ba a kunna abin hana ƙanƙara na injina ba. Na'urar da ke riƙe da maƙura ta yarda da lambar ƙaryar, ba ta ba da ƙarfin da ake bukata ba. Gudu ya yi ta raguwa sannu a hankali fiye da minti 5, matuƙin atomatik yana ta ɗaga hanci don ya riƙe tsawo, har fukafukai suka daina ɗauka. Abin da ya kashe mutanen nan ya fara ne a lokacin da zanen yake kama da lafiya. Har yau in na tuna layin gudun nan yana gangarowa a hankali, jikina yana sanyi.

Ɗan Adar, duron ɗinka kilo nawa ne, ba a haɗa shi da wancan. Amma ka turo wa ƴar nan abin da ta nema.

Ɗan Adar: Na ji Baba, na gode. Daren yau in sha Allahu, in ba a ɗauke wuta ba. Anti, zan turo miki .bin ɗin ke kaɗai.

Injiniya ta Yantala: Barkanmu da safiya. Fishiyen ya iso ƙarfe 2 na dare, Ɗan Adar ya ba ni izinin in faɗi abin da na gani, ban da wuri. Na sa hotuna 3.

Hoto na farko RCOU ne, wato umarnin da ake aika wa kowane inji, C1 zuwa C4, tafiyar duka. A minti 4 na farko layukan huɗu suna tafiya kusa da juna, wajen 1550. Daga minti na 5 C3 ya fara rabuwa yana hawa, C4 yana sauka. A tsarin X na ArduPilot inji na 3 shi ne na gaba ta hagu, na 4 na baya ta dama, suna fuskantar juna a kusurwa. In ɗaya ya raunana, ƙwaƙwalwar jirgin tana ƙara masa umarni, tana rage wa abokin kusurwarsa don kada jirgin ya kife. A minti na 9 C3 ya kai 1750. A sakan 30 na ƙarshe ya manne a 1950, iyakarsa ke nan, babu sauran abin ƙarawa. Akwai ma saƙo cikin MSG, Potential Thrust Loss, wato mai yiwuwa inji ya rasa ƙarfi, da lamba 3 a gabansa.

Hoto na biyu VIBE. Da farko jijjigar tana ƙasa da 15. Ta bi C3 tana hawa, ta wuce 30 wajen minti na 10. A ƙa'idar ArduPilot ƙasa da 30 ba damuwa, sama da 60 kusan kullum matsala ce.

Hoto na uku Volt da Curr tare. Ampiya 16 a farko, 21 a farkon yankin da ka turo jiya, 30 a ƙarshe. Kowane hawan ampiya da saukar volt a gefensa. CurrTot, jimillar wutar da aka sha, ya tsaya wajen 3500, cikin 5200.

Ruwa ba ya tsami banza. Inji na 3 ya yi minti 7 yana kuka kafin ya faɗi. Da ka kai batirin nan ga mai shi, da an bar jaki ana dukan taiki.

Ɗan Adar: Innalillahi. Anti, yanzu na je na juya inji na 3 da hannu. Shina ƙara kamar da yashi ciki, sauran ukun sumul. Na ɗauka faɗuwar ce ta yi mishi haka.

Mai Gyara Wadata: Ai tana iya yiwuwa faɗuwar ce. Wane hannu ne ya karye?

Ɗan Adar: Na baya ta hagu, Malam. Na 2.

Mai Gyara Wadata: To ba a kan na 3 ya sauka ba. Boris ne, ƙura ta shige shi. Na yarda da Hajiya a kan injin. Amma ban janye maganata a kan batir ba, kuma da hotonta zan kafa hujja. Ku dubi farkon tafiya: kafin tashi 16.7, da ya tsaya a sama yana jan ampiya 16 ya koma 15.7. Volt 1 a raba da 16, ya ba ka turjiya kusan miliyom 60, wato 15 kowane ɗaki. Batirin wata 5 bai kamata ya kai haka ba. Da batirin yana da ƙarfi, injin da ke manne a 1950 zai sami wuta fiye da wadda ya samu, wataƙila da ya kai shi ƙasa a tsaye.

Injiniya ta Yantala: Lissafinka daidai ne Malam, sai dai a cikin 60 ɗin akwai wayoyi da mahaɗi, ya danganta da inda ake awon. Kuma ka ga kai ma yanki ka ɗauka, sakan 20 na tashi, ya ba ka amsa mai kyau. Ni ban taɓa cewa kada a yi aiki da yanki ba. Kullum da yanki nake aiki. Matsakaicin ampiya na tafiya duka ba ya gaya min komai, don ya cakuɗa zaman ƙasa da hawa da tafiya da saukowa. Sai na ware inda jirgi ke tafiya miƙe da gudu ɗaya, minti na 2 zuwa na 4, na ware irinsa a minti na 9 zuwa 11, na gwada su. Bambancin shi ne na ga duka kafin in zaɓa, kuma ina rubuta daga wane sakan zuwa wane sakan na ɗauka, da dalili. Asalin fishiyen kuma ba na taɓa shi, kwafi nake yanka.

Ɗalibi Harobanda: Anti, na gwada da CSV ɗin jiya cikin Excel, na kasa yin zane, lambobin duk sun manne hagu.

Injiniya ta Yantala: Excel ɗinka na Faransanci ne. Shi waƙafi yake jira a tsakiyar lamba, 13,8, kuma waƙafi mai ruwa tsakanin lamba da lamba. Fishiyen kuwa ɗigo ne a lamba, waƙafi a tsakani, sai ya ɗauke su rubutu. Ka shigo da shi ta hanyar shigar da bayanai, ka faɗa masa ɗigo ne alamar. Kuma ka sani Excel ba ya wuce layi 1,048,576, in fishiye ya fi haka sauran ba ya shigowa.

Abu biyu da za su cije ka in kana aiki da yanki a can. Kada ka jera BAT da GPS gefe da gefe ka ce layi na 100 ya yi daidai da layi na 100. GPS sau 5 yake rubutu a sakan, wasu saƙonnin sun fi shi sauri nesa. Da TimeUS ake haɗa su, shi ne lokacin da ya wuce tun da aka kunna jirgin, a raba da miliyan ya zama sakan. Na biyu, CurrTot da Clip, wato sau nawa jijjiga ta wuce iyakar na'urar awo, tarawa suke tun daga kunnawa. In ka yanko tsakiya ka ga CurrTot 2800, ba a yankin aka sha 2800 ba. Ka cire lambar farkon yankin daga ta ƙarshensa.

Malam Taswira: In ƙara a kan lokaci, tun da ni ya taɓa cin aikina. Agogo uku ne: TimeUS, agogon GPS, da agogon waya ko kyamara. Agogon GPS yana gaban UTC, agogon duniya, da sakan 18 tun 2017, mu kuma a Nijar muna gaban UTC da awa 1. Wanda ya ce a bidiyon wayarsa jirgi ya karkata ƙarfe 10 da minti 14 da sakan 5, ya je ya yanko daidai nan daga lambobin GPS ya gyara awar bai gyara sakan ba, ya kuskure da sakan 18. A yankin sakan 40 kusan rabi ke nan. Ni alama nake nema da ke cikin biyun, kamar lokacin da ƙafafu suka bar ƙasa, in ƙirga daga nan.

Ɗalibi Harobanda: Na gane. Saura ɗaya: za a iya yin FFT, lissafin da ke rarraba jijjiga bisa saurinta, a kan yankin ƙarshe a ga ko jijjigar daga inji ɗaya take?

Injiniya ta Yantala: Da an kunna INS_LOG_BAT_MASK, saitin da ke sa a rubuta jijjiga da sauri sosai, da za a iya. Na duba PARM, sifili ne. Farfela mai juyi 6000 a minti tana jijjiga sau 100 a sakan, kuma don ka ga 100 dole a ɗauki awo fiye da sau 200 a sakan. Abin da ke cikin wannan fishiye bai kai ba. In an gyara jirgin a kunna shi, a tsayar da shi a sama wuri ɗaya minti 1 ba tare da motsi ba, wannan yankin za a ba FFT. In ka haɗa da hawa da sauka, juyin injin yana sauyawa, tsinin zanen FFT ya baje.

Baban Nana: Ƴata, Allah ya yi miki albarka. Abu ɗaya ya rage da ban ga an taɓo ba. Kun koma minti na 5, amma wa ya ce a minti na 5 na ranar abin ya fara? Ɗan Adar, katin yana da tafiye-tafiyen baya?

Ɗan Adar: Akwai Baba, ban goge ba. Guda 11 tun farkon Maris, har da waɗanda munka yi a Keita ranar da anka yi ƙura sosai.

Baban Nana: To daga kowace ka ɗauko yanki iri ɗaya, minti 2 na tafiya miƙe bayan jirgi ya yi ɗumi, ka fitar da matsakaicin C3 ka cire na C4. Lamba 11 za ka samu. Ka jera su bisa kwanan wata.

Mai Gyara Wadata: Ka yi haka ma da volt ɗin tashi a kan ampiya, mu ga ko batirin da haka ya zo ko zafi ne ya cinye shi a hannunka. In da haka ya zo tun Maris, ina nan a kan ka koma wurin mai shi. Kuma kada ka sauya boris na inji ɗaya ka bar uku, ƙura ɗaya suka sha. Ka ba direban bas injinan huɗu su zo Yamai in buɗe su.

Injiniya ta Yantala: Ka lura da iska in kana zaɓar yankunan. Layin da jirgi ke fuskantar iska da wanda take bayansa ba ɗaya ba ne, ka ɗauki tafi da dawo tare a kowace tafiya. Kuma na ga BATT_LOW_VOLT ɗinka, volt ɗin da jirgi zai gane batir ya yi ƙasa, sifili ne, ba a sa masa komai ba. Wannan mu yi maganarsa kafin ka sake tashi.

Ɗan Adar: To Anti. Na fara da na Keita, guda 3 ne. Na farkon, na safe, bambancin 12 ne kawai. Na ukun, bayan ƙurar, 55. Sauran 8 sai gobe, batirin kwamfuta ya kusa mutuwa kuma ba wuta tun azahar. Malam, injinan za su taso da bas ɗin Alhamis, zan kira ka in sun wuce Dosso.